Alhaji, Ba Cikinka Ba Ne, Harshenka Ne

Kwantar da hankalinka, mai karatu, ba da kai nake ba. Da na kusa da kai nake. Na san tun da aka ce warin baki ka riga ka tuno mutum uku: direban da ka shiga motarsa jiya, abokin aikin nan naka da ba ya iya magana sai ya matso kunnenka, da surukinka da ba ka da bakin cewa komai. Madalla. Sai dai su ukun nan ma idan suka karanta, kowannensu zai tuno nasa ukun, kuma ban ɗaukar maka alkawarin ba ka cikin lissafin ba.

Ka ce, "Ni? Ai da na ji." Ba za ka ji ba, Yallaɓai. Hanci yana da wata ɗabi'a: duk warin da ya daɗe tare da shi sai ya daina kai ƙararsa. Shi ya sa majemi ke cin tuwonsa lafiya lau a bakin ramin jima, baƙo kuwa ko tsayuwa ta gagare shi. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to ban da wannan ɗakin. Wannan maƙwabta ne suka sani. Hucin nan da kake yi a tafin hannu ka shinshina kafin ka shiga zance, ba abin da yake gaya maka sai irin sabulun da ka wanke hannu da shi.

In kana son gaskiya, tashi ka ɗauko cokalin shayi. Kife shi, ka zura shi can ƙuryar harshe, wajen da in an taɓa kake jin yunƙurin amai, ka kankaro a hankali zuwa waje. Dubi abin da ya biyo cokalin. Wani abu ne mai kauri, fari ko ruwan ɗorawa, ga masu cin goro kuma ja-ja. Bar shi ya sha iska kaɗan, sannan ka kai hanci. Ina jiranka. In ka gama salati sai mu ci gaba.

Ga Alhaji can ya ɗaga hannu tun ban kai ko'ina ba. "Malam, duk wannan dogon turanci ne. Warin baki dattin ciki ne. Ni olsa ce ke damuna." Sannu, Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi. Wa ya gaya maka? Na san wa ya gaya maka: mai motar nan da ke tsayawa bakin kasuwa da lasifika, wanda gorar maganinsa guda take warkar da basir da shawara da sanyi da warin baki da rashin kasuwa. Ka sha, ka kwana kana zirga-zirga da buta, gari ya waye ka rame, bakin kuwa yana nan yadda ka bar shi. Har ma ya ƙaru, don gudawa ta tsotse maka ruwan jiki, baki ya bushe.

Bari in gaya maka yadda aka gina ka. Hanyar da abinci ke bi daga maƙogwaro zuwa ciki ba a hangame take ba. A manne take, ba ta buɗewa sai za ka haɗiye ko za ka yi gyatsa. Numfashin da kake fesa wa jama'a daga huhu yake fitowa, ya ratsa maƙogwaro, ya shafi harshe da haƙora, ya kwaso abin da ya tarar a hanya. Likitocin haƙori da suka daɗe suna bin diddigin abin sun ce cikin masu wannan matsala 100, tsakanin 80 zuwa 90 a cikin bakin nasu tushen yake. Ban ce ciki ba shi da hannu ko kaɗan ba. Mai yawan ƙwarnafi, wanda ruwan ciki ke taso masa har wuya, yana iya samun nasa rabon. Amma su 'yan kaɗan ne, kuma ban ga alamar kana cikinsu ba.

Ni dai na gane dalilin da ya sa muke son ɗora wa ciki. Ciwon ciki ƙaddara ne, ana yi wa mutum sannu. Harshe mai datti kuwa ba wanda zai yi wa jaje. Dattijo mai jikoki ya fi son a ce olsa gare shi da a ce shekara sittin bai taɓa wanke bayan harshensa ba.

Masu aika-aikar kuwa an daɗe da ganinsu. A shekarar 1683 wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, irin mutanenmu na Kantin Kwari ke nan sai dai shi wasa gilashi ne abin sha'awarsa, ya kankaro farin dattin da ke tsakanin haƙoransa ya duba a madubin da ya ƙera mai ƙara girman abu. Sai ga wasu halittu suna ta iyo. Ya nemi na wasu tsofaffi da ba su taɓa goge baki ba, nan ya ga taron da ya fi na farko. Yau an san nau'in ƙwayoyin da ke iya zama a bakin ɗan Adam ya kai wajen 700. Yawancinsu ba ruwansu da kowa. Amma akwai waɗanda ba sa son iska, sai su nemi lungu su laɓe: ƙuryar harshe, tsakanin haƙora, ƙarƙashin dasashi, cikin kogon haƙori. Abincinsu guntun nama, ragowar madara da nono, matattun ƙwayoyin fatar baki, jini, da majinar da ke gangarowa ta bayan hanci. In sun ci sun ƙoshi sai su saki iska mai sinadarin farar wuta. A 1971 wani masani a Kanada, Joseph Tonzetich, ya auna iskar bakin mutane da na'ura ya tantance waɗannan sinadarai, ɗaya daga cikinsu kuwa shi ne dai wanda ke tashi in an fasa baragurbi. To ka ji abin da kake kira olsa.

Me ya sa harshe? Je ka gaban madubi ka zaro shi. Ba sumul yake ba. Darduma ce mai gashi, musamman daga baya. Haƙora su ne simintin ɗaki, kullum kana share su suna ƙyalli, dardumar kuwa tun da aka shimfiɗa ta ba a taɓa kakkaɓe ta ba, ga shi a kanta ake cin abinci sau uku a rana. Gaban harshe yana samun gata, don yana gogar ganda da haƙora in kana magana. Bayan ne maraya. Maganinsa ba ya buƙatar ko sisi: in ka gama da haƙora, ka bi harshen da buroshi ko cokali ko ɗan abin kankare harshe da ake sayarwa a kemis, daga baya zuwa gaba, sau uku ko huɗu, a hankali, ba sai ka fitar da jini ba. Kwanakin farko za ka yi ta kakarin amai har maƙwabta su fara taya uwargida murna. Daure, wuyan zai saba.

Yanzu kuma ga Malam, aswaki a gefen baki, yana kallona da tausayi. "Mu ai sunna muke bi." Allah gafarta Malam, ban isa in ja da aswaki ba. Itacen nan na arak da ake kawowa daga Makka ake kuma samu a dazukanmu, da reshen darbejiya, dukkansu suna da sinadaran da ke takura wa ƙwayoyin cuta, kuma likitoci sun yarda cewa a hannun wanda ya iya, aswaki yana fidda datti ba kaɗan ba. A hannun wanda ya iya na ce. Ba wanda ya maƙala shi a leɓe tun hantsi yana ciniki da shi, ya ɗan shafi haƙoran gaba guda huɗu da jama'a ke gani, ya mayar da shi aljihu ya kwana da tsofaffin takardun naira da makullin babur, gobe ya zaro shi da kansa ya yi baƙi ya ci gaba ba. Haƙoran babba 32 ne, Malam, kuma kowanne yana da ciki da waje. A yanke kan aswakin a tauna sabo akai-akai, a wanke shi, a kai shi har turame. Malaman fiƙihu ma sun lissafa harshe cikin wuraren da aswaki ke bi. Wannan babin ne kawai aka yi ranar da ba ka zo makaranta ba.

Ku kuma 'yan boko masu buroshi, kada ku yi dariya. Na ga yadda kuke yi: a cika buroshi da makilin har yana zuba, a yi dambe da haƙora na daƙiƙa ashirin, a tofar, a fice. Buroshin ma ya baje tun bara. Minti biyu ake so, sau biyu a rana, da buroshi mai laushi da makilin mai fuloraid, a canja buroshin duk bayan wata uku. Kuma in dole sai ɗaya za ka yi, na dare ya fi na safe, ko da yake na san a nan ne za mu ɓata.

Dalili shi ne yawu. Mutum yana samar da tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a yini, yana wanke baki ba tare da an gode masa ba. Da ka yi barci sai ya ja baya ƙwarai. Wanda ya ci tuwo da miyar kuka da nama, ya kora da shayi mai madara, ya kwanta haka nan, ya ba ƙwayoyin nan sa'a bakwai ba mai tsawata musu. Warin tashi daga barci kowa yana yinsa, sarki da talaka, amarya da uwargida, kuma ba cuta ba ne, yana tafiya in an goge baki an karya kumallo. Amma duk abin da ke busar da baki da rana yana dawo da shi: hunturu da toshewar hanci har mutum ya koma numfashi ta baki, rashin shan ruwa, yini ba a ci komai ba, sigari, doguwar magana. Malaman makaranta da masu wa'azi da 'yan siyasa, ku riƙa ajiye ruwa kusa. Wasu magunguna ma suna busar da baki, irin su maganin mura mai sa barci da wasu na hawan jini. Kada ka ce na ce ka daina shan maganin hawan jininka, ka gaya wa likitanka dai. Samari masu kwankwaɗar kodin kuwa, bushewar baki ita ce mafi ƙanƙantar matsalarku.

Na san wani zai kawo mini maganar azumi, don haka bari in riga shi. Falalar bakin mai azumi tana nan daram, ba mai taɓa ta. Amma abin da aka yi wa albishir shi ne canjin da yunwa da ƙishi suka kawo saboda Allah. Zaren kilishin da ya maƙale maka tun sahur ɗin shekaranjiya ba ya cikin wannan alkawari. Goge baki da harshe bayan sahur, ka sha ruwa sosai tsakanin buɗa baki da asuba, ka riƙe aswakinka. Sannan wata ɗaya ne a shekara, ɗan'uwa. Sauran goma sha ɗayan da wane uzuri za ka zo?

Tun da an ambaci kilishi, mu leƙa tsakanin haƙora, inda buroshi ba ya shiga. Mu mutanen tsire da balangu ne, kuma kowa da makamin sakacensa: tsinken tsintsiya, ashana, gefen katin waya, allura, har da masu ƙarfin halin da ke sa reza. Duk waɗannan suna huda dasashi su bar dattin. Akwai zaren sakace a kemis. Ka zura shi tsakanin turamen baya, ka goga gefen wannan haƙori da na wancan, ka zaro ka shinshina. Mutane da yawa a nan suke daina musu. In kuma ka ga jini, a zaren ko a buroshi ko a jikin rake in ka gatsa, kada ka ce bari in ƙyale wajen ya huta. Dasashin ya kumbura ne saboda dattin da ke kwance a gindinsa, barinsa kuwa shi ke ƙara kumburin. Dattin nan in ya daɗe sai ya daskare ya zama dutse, wani rawaya wani baƙi, ya manne a gindin haƙori, musamman bayan haƙoran ƙasa na gaba. Daga nan ko gawayi ko toka ko gishiri ba abin da za su yi masa, sai dai su cinye maka fatar haƙorin. Dasashi ya fara janyewa, rami ya buɗe a tsakaninsa da haƙori, ruɓa ta taru a ciki. Wannan shi ne warin da ke cika ƙaramar mota.

Maganinsa wankin haƙori a asibiti, kuma tun kafin in rufe baki na ji Gwaggo tana cewa, "Ahaf, wankin nan da ke sa haƙori giɓi ya riƙa girgiɗa? Wance ta je, ta dawo iska na shiga bakinta." Gwaggo, giɓin yana nan tun tuni, dutse ne ya cike shi. Ƙashin da ke riƙe da haƙorin cutar ta riga ta zaizaye shi a ɓoye. Likita bai sassaƙe komai ba, ya kwashe abin da ke cin ta ne, kuma da ta je da wuri da ba ta ga giɓin ba. A leƙa likitan haƙori ko sau ɗaya ko biyu a shekara, ba sai kunci ya kumbura an ɗaure kai da ɗankwali ba. Kanawa ga sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Zage-zagi, na ji ku kuna ƙyaƙyata dariya tun ɗazu, ku da asibitin Shika ke ƙofar gidanku ba ku da ko uzurin kuɗin mota.

Hajiya, ina gaisuwa, Allah ya maimaita mana. Haƙorin Makkan nan ya yi kyau. Amma in wanda ya sa shi bai daidaita bakinsa da dasashi ba, abinci yana shigewa ƙarƙashi ya zauna, haƙorin asali yana ruɓewa a ciki zinariya tana walƙiya a waje. Humra da turaren wuta sun gama da kaya da ɗaki, wannan kuwa ba su kai can. A bari likita ya duba shi. Baba mai haƙoran roba, a cire su da dare a wanke a jiƙa. Goro kuma ban hana ka ba, na san ko na hana ba ji za ka yi ba, a dai kurkure baki bayan an tauna.

Akwai warin da buroshi ba ya iyawa, kuma gara in faɗa kafin ku kama ni da shi. Tafarnuwa da ɗanyar albasa in sun narke, sinadarinsu yana shiga jini, jini ya kai shi huhu, huhu ya yi ta fitar da shi har washegari. Goge baki sau goma, yana nan. Lokaci ne kawai maganinsa. Addini ya riga likitoci sanin wannan, shi ya sa aka nemi wanda ya ci su ɗanye ya nisanci sahu. Saboda haka mai cin tsire da albasa tuli guda ana saura kwata a tada isha'i, mutanen dama da hagunka suna da hujja a kanka.

Sai ɗan gaye mai aljihu cike da Tom Tom da cingam. Minti goma za su rufa maka asiri, daga nan sukarin da ke ciki ya zama abincin waɗanda kake gudu. Cingam marar sukari ya fi, don yana tsatso yawu. Kanumfari da na'ana'a ma ba laifi, amma rufi ne, ba wanki ba. Wani ɗan'uwa mai zafin kishi ya ce duk wannan makircin Turawa ne don su sayar da ruwan kurkure baki. Ka kusa gaskiya. An haɗa ruwan kurkuren nan Listerine a Amurka a 1879 don tsabtace wajen tiyata, sai a shekarun 1920 masu shi suka cika jaridu da tallan 'yan matan da suka rasa miji saboda warin baki, suka kwashi dukiya da tsoron mutane. Tsoron suka sayar, amma ba su suka ƙirƙiro warin ba, tambayi matarka. Ruwan kurkuren yana taimakawa in an riga an yi wankin. Mai barasa a ciki yana iya ƙara busar da baki, mai kuloheksidin kuma yana da ƙarfi amma yana rina haƙora in an daɗe ana amfani da shi, sai da shawarar likita.

To in an yi duk wannan mako biyu ko uku, likitan haƙori ya ce bakin lafiya, wari bai tafi ba fa? Nan ne za a ɗaga kai a duba sama da ƙasa. Ƙululun naman nan biyu na gefen maƙogwaro suna da ramuka, wani lokaci sukan tara wasu 'yan fararen duwatsu masu laushi da mutum kan kako, in ya murje ɗaya a yatsa sai ya nemi sabulu. Tsohuwar mura da ta zauna a kogunan fuska ma tana yi. Wannan aikin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne, ba na wanzami ba, a bar beli ya huta. Yaro ƙarami da ƙofar hancinsa ɗaya kaɗai ke zubar da majina mai ɗoyi, galibi wani abu ya cusa, ƙwayar wake ko gyaɗa ko guntun soson katifa. Kada a zaƙulo da tsinke, a kai shi a cire.

Nan kuma zan ajiye wasa. Mai ciwon suga da numfashinsa ya koma wani ƙamshi-ƙamshi irin na 'ya'yan itace da suka nuna suka wuce, ga ƙishi, ga amai, ga haki, asibiti za a nufa da shi a lokacin. Numfashi mai zarnin fitsari yana iya zama ƙoda ce ta gaza, hanta ma tana da nata. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, ramamme, musamman wanda ya tashi daga ƙyanda ko zazzaɓi, in bakinsa ya ɗauki mummunan ɗoyi, dasashi na jini, kunci ya fara kumbura, wannan yana iya zama farkon cutar noma mai cinye leɓe da kunci cikin 'yan kwanaki. In an kama ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki da wanke baki suna tsayar da ita. Akwai asibiti sukutum saboda ita a Sakkwato tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Kada a tsaya shafa toka ko jiran ranar kasuwa.

Akwai kuma waɗanda nasu ya sha bamban: bakinsu ƙalau, amma sun sa wa ransu suna wari. Kowa ya sosa hanci su ce da su ake. Suna magana hannu a baki, sun ƙaurace wa majalisa, sun kankare harshe har ya yi ciwo. Ku ma ku daina yanke wa kanku hukunci, hancinku ba shaida ba ne ko ta wane ɓangare. Kowa dai sai ya nemi hancin aro.

Wa za a tambaya? Ba abokin da ke cin bashi a wajenka ba, zai ce miski kake. Ba yaron shagonka ba. Uwargida ta sani tun shekarar farko, amma tana auna abin da zai biyo baya, don haka in ta faɗa kada ka ɗaure fuska kwana uku ka hana kuɗin cefane. Ke ma Hajiya, in Alhaji ya yi ƙarfin hali ya faɗa, ba shirin ƙarin aure ba ne dole. In duk an rasa, kira autanka ɗan shekara biyar, ka durƙusa ka hura masa, ka ce ya faɗi tsakaninsa da Allah. Zai faɗa. Ka dai tabbatar ba baƙi a falo, don ba zai rage murya ba, kuma gobe duk 'yan ajinsu za su ji.